Wane bango ya dace da zanen hannu na asali a cikin gida?

Wani mai karatu daga Kano ya aiko da tambaya cewa ya sayi zanen hannu na asali daga wani mai zane a Zariya, zanen karofin Ƙofar Mata ne da aka yi da fentin mai a kan kyalle, faɗinsa santimita 120, tsayinsa santimita 90. Ya ce wurare uku ne suke masa yawo a rai a cikin falonsa: babban bangon da ke fuskantar tagar yamma, da bangon da ke saman doguwar kujera a ƙarƙashin na'urar sanyaya ɗaki, da kuma bangon da ke gefen teburin cin abinci kusa da ƙofar kicin. Ya ambata a wucewa cewa akwai wani bango na huɗu da ya raba falon da ɗakin kwana, amma bai sa shi a lissafi ba domin ba shi ne baƙo yake fara gani ba idan ya shigo.

Malam, amsata a taƙaice ita ce ka rataye shi a wannan bango na huɗu da ka ajiye a gefe. Na daɗe ina aikin sanya wa zane firam da gyaran wanda ya lalace, kuma mafi yawan ɓarnar da ake kawo mini ba faɗuwa ce ta jawo ta ba, wurin da aka rataye zanen ne ya cinye shi sannu a hankali, mai shi yana kallonsa kullum bai lura ba. Bango mafi kyau ga zane shi ne wanda yanayinsa ba ya sauyawa, wato wanda rana ba ta dukansa, ruwa ba ya ratsa shi, zafi da sanyi ba sa yi masa karɓa-karɓa. Tsarin ado yana da nasa matsayi, kuma zan zo kansa, amma sai an fara tantance bangon da ba zai cutar da zanen ba kafin a shiga maganar inda zai fi ɗaukar ido.

Kafin a fahimci dalili, ya kamata a san abin da ake riƙe da shi. Zanen fentin mai abu ne mai hawa-hawa. Akwai katakon da aka ɗame kyallen a kansa, akwai kyallen kansa na auduga ko na lilin, akwai farar shimfiɗar da ake fara shafawa domin fenti ya samu wurin kamawa, sannan fentin, sannan sau da yawa wani siririn man sheƙi a sama. Kowane ɗaya daga cikin waɗannan yana da yadda yake amsa laima da zafi. Katako yana kumbura da damina, kamar yadda ƙofar katako take ƙin rufuwa a watan Agusta, sannan ta saki idan hunturu ya shigo. Kyalle yana saki yana ɗamewa kamar fatar ganga. Fentin da ya bushe kuwa, musamman idan ya kwana biyu, ba ya iya bin su a wannan miƙewa da tsukewa, saboda haka sai ya fara tsagewa, daga baya ya ɗago, a ƙarshe ya riƙa zubowa ɓarɓashi-ɓarɓashi. Hoton da aka buga da inji idan ya lalace sai a sake bugo wani, amma abin da ya zube daga zanen asali ya tafi ke nan, domin ko mai gyara ya cike gurbin, hannunsa ne a wurin, ba hannun mai zanen ba.

Babban bangon da ke fuskantar tagar yamma shi ne wanda na fi jin tsoro a cikin ukun, ko da yake na san shi ne ya fi jan hankalinka. Daga bayan la'asar zuwa faɗuwar rana, hasken yana shigowa a kwance ta wannan taga, ya ratsa falon ya sauka a kan bangon kai tsaye. Masu kula da gidajen adana kayan tarihi suna auna ƙarfin haske da ma'aunin da ake kira luks, kuma abin da suka saba bi shi ne kada hasken da ke sauka a kan zanen fentin mai ya wuce luks 200, na fentin ruwa a kan takarda kuwa luks 50. Hasken rana tsagwaronsa a waje yana kaiwa luks 100,000. Ko da gilashin taga da ƙurar iska sun rage rabinsa, sa'a ɗaya ta wannan haske daidai take da sa'o'i 250 na hasken da aka amince da shi. Kuma ɓarnar haske taruwa take yi, ta yau tana hawa kan ta jiya, babu wani hutu da zane zai yi a duhu ya dawo da launin da ya rasa. Gilashin taga na yau da kullum yana barin kaso mai yawa na hasken nan da ido ba ya gani, wanda ake kira ultrabayolet, ya wuce, kuma shi ne ya fi saurin karya launi. Idan kana son shaida a cikin gidanka, juya labulen wannan tagar ka kwatanta fuskar da ke kallon waje da wadda ke kallon ɗaki.

Launuka ba sa koɗewa tare, kuma wannan ne ya sa ɓarnar ta fi muni, domin daidaiton da mai zane ya ƙulla tsakanin launuka shi ne yake wargajewa. Lokacin da mai zanen nan ɗan ƙasar Holan, Vincent van Gogh, ya zana ɗakin kwanansa a garin Arles na Faransa a shekarar 1888, ya rubuta wa ƙaninsa Theo cewa bangon ɗakin ruwan malmo ne mai haske. Duk wanda ya kalli zanen yau shuɗi zai gani, saboda jan da aka gauraya a cikin fentin ya gudu ya bar shuɗin shi kaɗai. Zanenka na karofi, inda na tabbata akwai shuɗin baba iri-iri da jar ƙasa da inuwar marina, irin wannan sauyi ne zai same shi: wani launi ya tsaya, wani ya janye, har zanen ya koma faɗin abin da mai shi bai nufa ba.

Akwai wata shawara da ake yawan karantawa a intanet cewa tagar arewa ba ta taɓa shigo da rana, don haka duk bangon da ke kusa da ita lafiya ne. Wannan magana ta Turai ce, kuma ba ta zauna daidai a ƙasarmu ba. Kano tana kan digiri 12 ne arewa da layin da ya raba duniya biyu, saboda haka rana tana wucewa ta tsakar ka sau biyu a shekara, wajen ƙarshen Afrilu da wajen ƙarshen Agusta, kuma a tsakanin waɗannan lokuta biyu ta ɓangaren arewa take bi. Da hunturu kuma takan karkata kudu sosai, har a watan Disamba tsayinta da tsakar rana bai wuce digiri 55 ba, sai ka ga ta kutso ta tagar kudu ta kai wurin da ba ta taɓa kaiwa ba da bazara. Abin da wannan yake nufi shi ne bangon da ka gani cikin inuwa a watan Yuni yana iya shan rana a watan Janairu. Shi ya sa nake ba kowa shawarar ya yanko farar takarda daidai girman zanen, ya manna ta a wurin da yake so, ya riƙa dubawa da hantsi, da azahar, da bayan la'asar har tsawon mako guda, sannan ya tambayi mutanen gidan da suke wuni a ciki inda rana take sauka a sauran watannin shekara. Sun fi kowa sani, domin su suke janye kujera da darduma daga wurin.

Wani abu kuma game da wannan bango: tunda yana fuskantar tagar yamma, shi ne bangon gabas, wato kusan ta nan alƙibla take. Idan ana yin salla a falon, zane a gaban mai salla yana ɗauke hankali, kuma idan akwai siffofin mutane a cikinsa, kamar marina a bakin aikinsu, mutane da yawa ba za su samu natsuwa su fuskance shi ba. Hukuncin wannan na malamai ne, amma a matsayinka na mai gida yana da kyau ka sa shi a lissafi tun kafin ka huda bango.

Bangon saman kujera matsalarsa iri biyu ce. Ta farko ita ce na'urar sanyaya ɗakin. Iskar da take fitarwa sanyi gare ta kuma a bushe take, sannan a yadda wutar lantarki take a wurinmu, na'urar tana iya yin aiki sa'o'i uku, a ɗauke wuta, ɗakin ya koma zafi, a kawo wuta ya sake yin sanyi, duk a wuni ɗaya. Zanen da ke ƙarƙashinta shi ne yake fara jin kowane sauyi. Ban da haka, idan bututun da ke fitar da ruwanta ya toshe, ta cikin ɗaki ruwan yake ɗiga. An taɓa kawo mini wani zanen kasuwa mai kyau ƙwarai da aka rataye a irin wannan wuri. Ta gaba ba a ganin komai sai wani ɗan dishi-dishi a kusurwar hagu, amma da na juya shi sai na tarar da sawun ruwa mai launin shayi ya gangaro tun daga sama har ƙasa, kyallen ya tsuke a wurin ya tura fentin ya yi tudu kamar kunya a gona, ƙusoshin gefe sun yi tsatsa sun ci kyallen, ga baƙar fumfuna ta bi sawun ruwan. Na yi makonni ina lallaɓa shi, kuma duk da haka wurin bai koma yadda yake ba.

Matsala ta biyu ita ce, tunda an kafa na'urar a wannan bango, akwai yiwuwar bayansa waje ne. Bangon bulo da ke shan rana ta waje yana tara zafi da rana ya riƙa sakinsa cikin ɗaki har bayan isha'i, kuma a watan Afrilu da zafi yake kaiwa digiri 40 za ka iya tabbatar da haka da tafin hannunka. Da damina kuma shi ne ruwan sama yake duka, ya jiƙe ya riƙa tura laima zuwa ciki. Bambancin laima tsakanin lokutan shekara a Kano ya riga ya yi yawa, domin da hunturu takan sauka ƙasa da kashi 20 cikin ɗari da rana, a watan Agusta kuma ta haura kashi 80, alhali abin da aka fi so wa zane shi ne tsakanin kashi 40 zuwa 60. Idan ta daɗe sama da kashi 70 fumfuna takan kama, idan ta yi ƙasa sosai fenti yakan yi gautsi. Ba za ka iya mayar da falonka gidan adana kayan tarihi ba, kuma ba na ba ka shawarar ka gwada, amma za ka iya zaɓar bangon da yake jin waɗannan sauye-sauye a hankali maimakon farat ɗaya.

Muhimmancin wannan daidaito an gano shi ne ta hanyar da ba a tsara ba. A lokacin Yaƙin Duniya na Biyu, a shekarar 1941, babban gidan zane na ƙasa da ke Landan ya kwashe zane-zanensa ya ɓoye su a cikin wani ramin haƙar dutse da ake kira Manod a yankin Wales saboda tsoron bama-bamai. A can ƙarƙashin dutse an riƙe laima a wajen kashi 58 cikin ɗari ba tare da hawa da sauka ba, sai masu gyara suka lura cewa ɗagowar fenti da suke fama da ita kowace shekara a Landan ta ragu ƙwarai. Da aka mayar da zane-zanen bayan yaƙi, matsalar ta dawo, kuma wannan darasi yana daga cikin abin da ya sa manyan gidajen zane suka fara daidaita iskar ɗakunansu. Bangon da ke tsakanin ɗaki biyu shi ne mafi kusa da irin wannan natsuwa a cikin gidan zama.

Bangon kusa da kicin ba sai na tsawaita a kansa ba. Tururin girki da hayaƙin suya suna ɗauke da maiƙo, maiƙon ya sauka a kan fenti, ƙurar hunturu ta zo ta manne a kansa, bayan 'yan shekaru zanen ya yi duhu kamar an shafa masa toka. Gaskiya ne cewa a shekarar 2019 an gano wani ƙaramin zane na Cimabue, mai zanen Italiya na ƙarni na 13, a rataye saman murhun wata tsohuwa a garin Compiègne na Faransa, kuma aka sayar da shi Yuro miliyan 24, amma wannan sa'a ce da ba a gina shawara a kanta. Haka nan ka lura da inda ake ajiye kaskon turaren wuta, da inda ake kunna maganin sauro mai hayaƙi, da tagar da hayaƙin janareta yake shigowa. Idan za a fesa maganin sauro a falon, kada a nufi wajen zanen da shi ko kaɗan, domin sinadaran da ke cikinsa suna iya taɓa man sheƙin da ke saman fenti.

Kafin ka amince da bango na huɗu, ka yi masa bincike biyu. Ka tabbatar banɗakin ɗakin kwanan ba a bayan wurin yake ba, kuma babu bututun ruwa ko wayar lantarki a ciki. Sannan ka duba ko yana jan ruwa daga ƙasa, alamar haka ita ce fentin bango ya riƙa kumbura yana ɓarewa, ko wani farin gari kamar kanwa ya riƙa fitowa a gindinsa. Idan kana shakka, manna leda mai faɗin tafin hannu biyu a jikin bangon, ka rufe gefunanta da salatif, ka bar ta kwana biyu. Idan ka ɗaga ka ga raɓa a ƙarƙashinta, bangon bai bushe ba. Sabon gini ma yana buƙatar watanni kafin simintinsa ya saki ruwan da ke cikinsa, don haka ba a gaggawar rataye zane mai daraja a kansa.

Maganar cewa baƙo ba zai fara ganinsa ba, ni a wurina wannan ba asara ba ce. Bangon da ke gefen taga yana samun haske a kaikaice, kuma irin wannan haske ne yake fito da sawun burushi da kaurin fenti ba tare da ƙyalli ya hana gani ba, alhali zanen da ke fuskantar taga kai tsaye sheƙinsa ne yake dawo wa mai kallo a ido. Zane mai faɗin santimita 120 yana buƙatar a ja baya kamar mita biyu zuwa uku kafin ya haɗu a ido, saboda haka ka duba ko mai zaune a kan doguwar kujera zai iya kallonsa ba tare da ya murɗa wuya ba. Wanda aka rataye a saman kujera kuwa, waɗanda suke zaune a kanta, wato ku mutanen gida, bayanku ne yake kallonsa.

Kuskuren da na fi gani a gidajenmu shi ne kai zane can sama kusa da silin, kamar agogon bango. A can iska mai zafi take taruwa, kuma ido ba ya isa. Ma'aunin da aka saba bi shi ne tsakiyar zanen ta kasance kimanin santimita 145 zuwa 150 daga ƙasa, wanda ke nufin gindin naka zai tsaya a wajen mita ɗaya. Idan a falon an fi zama a kan darduma da tumtum, za ka iya sauko da shi kaɗan, sai dai idan akwai ƙananan yara, wanda a nan tsayin hannunsu ne zai yanke hukunci. Idan akwai tebur ko kabad a ƙarƙashinsa, ka bar tazarar santimita 20 ko sama da haka, kuma kada a riƙa ɗora fulas ko tukunyar fure mai buƙatar ban ruwa a wurin. Ka kuma nisanta shi daga inda ƙofa take bugawa idan an buɗe ta.

Wajen kafawa, kada ka dogara da ƙusar kankare ɗaya da aka buga da guduma, domin tana farfasa filasta ta saki bayan wani lokaci. A huda bango da injin huda a wuri biyu, a saka robar riƙo, a ɗaura sukuru, a rataye zanen da zobba biyu da aka kafa a jikin firam ɗin. Idan waya za a yi amfani da ita, ta ƙarfe ce mai murɗi, ba igiyar roba ko zare ba, waɗanda zafi yake cinyewa. A kusurwoyin ƙasa ta baya a manna 'yan guntayen roba masu kaurin santimita ɗaya domin iska ta riƙa wucewa tsakanin zanen da bango. Ina kuma ba ka shawara ƙwarai ka sa mai firam ya rufe bayan zanen da allo mara nauyi da aka ɗaura a jikin katakon. Wannan allo yana rage saurin da laima take isa ga kyallen, yana tare ƙura, yana kuma hana baƙin da na saba tararwa a bayan zane: gidan zanzaro na laka manne da kyalle, da ƙwan kyankyaso, da kashin tsaka. Gara ma takan bi ta cikin bango ta kama katakon, kuma ba a ganin aikinta ta gaba sai ta gama. Zanen fentin mai ba dole ne a sa masa gilashi ba, amma idan ƙurar unguwarku ta yi yawa kana so ka sa, a bar tazara kada gilashin ya taɓa fentin.

Idan kana son haska shi da dare, ƙwan LED mai haske ɗumi-ɗumi shi ne ya dace, domin ba ya fitar da zafi ta gaba kamar tsofaffin ƙwayayen fitila, kuma kusan babu ultrabayolet a haskensa. A kafa shi a silin yadda hasken zai sauko a karkace da kimanin digiri 30 daga miƙe, wanda hakan yake hana ƙyalli da doguwar inuwar firam, kuma a kashe shi idan babu kowa a falon.

Ka tambayi mai zanen lokacin da ya gama aikin da kuma ko ya shafa masa man sheƙi. Fentin mai yana bushewa a taɓa cikin kwanaki, amma yakan ɗauki wata shida zuwa shekara kafin ya ƙeƙashe har ciki, kuma kafin wannan lokaci ba a shafa masa man sheƙi na dindindin, sannan ƙura ta fi saurin kama shi. Idan sabo ne, hunturunsa na farko shi ne ya fi buƙatar kulawa. Ka gargaɗi duk mai share falon cewa ba a goge shi da tsumma, jiƙaƙƙe ko busasshe, sai dai a kaɗe ƙurar da burushi mai laushi sosai daga sama zuwa ƙasa, shi ma idan an ga fentin bai ɗago ba. Ka ɗauki hotonsa gaba da baya a ranar da ka rataye shi, sannan sau biyu a shekara, a ƙarshen damina da ƙarshen hunturu, ku sauke shi ku biyu, kowa ya riƙe gefe ɗaya na firam ɗin, ku duba bayansa da bangon da ke bayansa, ku kwatanta da hoton. Idan ka ga kyallen ya ɗan saki da damina kada ka yi saurin ɗame shi, domin yakan koma da kansa idan iska ta bushe, kuma wanda aka ɗame a watan Agusta yana iya tsaga fentinsa a watan Janairu.